Kaza da 'Ya'yanta: Ina Aka Ƙyanƙyashe Su?

 

Makon jiya wani dattijo makiyayi ya kira mu ana cikin shiri. Ya ce jikansa ya nuna masa hoto a waya, wasu dogayen abubuwa kamar suri, taurari sun kewaye su, aka ce masa wai nan ne ake haihuwar taurari. Ya ce mini, "Ɗana, tauraro saniya ne da zai haihu? Kuma tunda masu madubin nan suna gani har can, tambaye su: Kaza da 'ya'yanta da muke lissafin damina da ita, tana nan kan bakanta?" A ranar na ce Baffa ya ba ni mako guda. To, ga abin da na samo.

Mu fara da Kazar, tunda kun fi ni saninta. A wannan watan na Disamba, da an idar da sallar magariba za ku same ta ta riga ta fito a gabas, wajen ƙarfe goma na dare kuma tana kusan tsakiyar ka. Malaman hisabi suna kiranta Surayya, Buzaye kuma suna da sunan da ke nufin 'yan matan dare. Mai ido da kyau yana ƙirga taurari 6 ko 7. A shekarar 1610 wani mutumin Italiya, Galileyo, ya ɗora ɗan ƙaramin madubin hangen nesa a kanta, ya zana 36. Yau an san sun haura 1,000. Wato abin da muke ce wa kaza da 'yan tsakinta garke ne babba, manyan bijimai kawai ido ke kamawa.

Nisanta fa? A nan kilomita ba ta da amfani, sai a auna da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa kan rawaninku minti 8 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Daga Kaza kuwa kimanin shekara 440. Hasken da za ku gani daren nan ya baro can tun Mai Idris Aloma yana sarautar Borno, tun daular Sanwai ba ta faɗi ba. Sai yau ya iso.

Za ku ce, ta yaya aka san taurarin nan dubu 'yan gida ɗaya ne, ba haɗuwar mashaya ba ce kawai? Tambayar a kan hanya take. In shanu suka cakuɗe a bakin rijiya, baƙo ba zai raba su ba, amma da an tashi kowane garke zai ɗau burtalinsa. Haka masana suka yi. Turawa sun harba wata na'ura mai suna Gaia a ƙarshen 2013, ta yi sama da shekara goma tana auna nisa da motsin taurari fiye da biliyan ɗaya. Aka ga taurarin Kaza nisansu kusan ɗaya, kuma waje ɗaya suka dosa da sauri iri ɗaya. Akwai misalin da za ku duba da kanku. Jan tauraron nan da ke biyo bayan Kaza, wanda malamai ke ce wa Dabaran, yana zaune cikin wani gungu mai siffar bakin kibiya, sai ka rantse da su aka haife shi. Ashe baƙo ne. Shi nisansa shekara 65 ne na tafiyar haske, gungun kuwa wajen 150. Tsayuwa kawai ya yi a gabansu.

Yanzu mu zo kan hoton jikan Baffa. Hoton gaskiya ne. Madubin Hubble ne ya fara ɗaukar sa a 1995. Shi Hubble an harba shi a watan Afrilu na 1990, yana kewaya duniya a tsayin wajen kilomita 500, inda babu hazo babu gajimare. Da farko ma an sami kuskure a gogar madubinsa, hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi, sai da 'yan sama jannati suka je suka gyara shi a ƙarshen 1993. Wurin da ya ɗauko yana da nisan kimanin shekara 6,500 na tafiyar haske. Dogon "surin" nan da ke cikin hoton, haske sai ya yi wajen shekara 4 kafin ya tashi daga gindinsa ya kai kansa.

Abin da ke cikinsa iska ce mai suna haidurojin, haɗe da ƙura mai laushin hayaƙi. Sanyin wurin ya kai digiri 260 ƙasa da sifili, don haka wanda ke kukan sanyin Agadas ya yi haƙuri. A cikin wannan sanyi da duhu, inda iskar ta ɗan fi kauri sai nauyinta ya fara jawo ta kusa da ita. Matan ruga sun san yadda mai ke haɗa kansa dunƙule-dunƙule in ana kaɗa nono. Ku ɗauki wannan a matsayin kwatance kawai. Dunƙulen yana ƙara girma yana matsewa, matsewar tana kawo zafi. In zafin cikinsa ya kai wajen digiri miliyan 10, sai haidurojin ya fara haɗewa yana komawa wata iska mai suna hiliyom, wuta ta kama. Wannan kamawar wutar ita ce ake ce wa haihuwa, Baffa. Babu naƙuda, babu ranar suna. Tauraro irin ranarmu yana ɗaukar miliyoyin shekaru kafin ya kai wannan matsayin.

Kuma gajimare ɗaya ba ya ba da tauraro ɗaya, ɗaruruwa yake fitarwa, wani lokaci dubbai. Manyan cikinsu haskensu yana da tsananin da yake cinye gajimaren da suka fito daga ciki. Inda iskar ta yi kauri sai ta tsaya ƙyam kamar ginshiƙi, yadda ruwa ke zaizaye kwari ya bar tsayayyar ƙasa mai tauri. Surin nan ke nan. Idan gajimaren ya ƙare baki ɗaya, abin da ya rage shi ne gungun taurari tsirara. Kaza ta wuce wannan matakin tun tuni, shekarunta wajen miliyan 100. A lissafin taurari karsana ce, domin ranarmu ta kai shekara miliyan 4,600.

Matsalar Hubble ita ce mafi yawan aikinsa da irin hasken da idonmu ke gani yake yi, shi kuma wannan haske ƙura tana tare shi, kamar yadda hazo ke ɓoye fitilar mota a hanyar Ƙonni. Shi ya sa aka ƙera madubin James Webb, aka harba shi ranar 25 ga Disamba 2021. Faɗin madubinsa mita 6 da rabi, na Hubble bai kai mita 2 da rabi ba, kuma an ajiye shi kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan. Webb yana gani da hasken ɗumi, wanda ido ba ya kamawa amma fata tana ji, irin wanda kuke ji daga garwashi ko daga jikin saniya da asuba. Wannan hasken yana ratsa ƙura. Masu sayar da kayan lantarki a Jibiya da Illela, ku gwada wani abu: ku ɗauki rimot ɗin talabijin, ku saita bakinsa ga kyamarar waya, ku danna. A wayoyi da yawa za ku ga ɗan haske yana ƙyaftawa alhali idonku bai ga komai ba. Danginsu ɗaya. A Oktoban 2022 Webb ya sake ɗaukar surin nan, sai ga jarirai jajaye da ƙura ta rufe a hoton farko.

Abu biyu nake so ku riƙe in irin hotunan nan sun shigo wayarku. Na ɗaya, launin da ke hoton Webb masana ne suka zaɓa, tunda hasken ɗumi ba shi da launi a idonmu. Siffar gaskiya ce, fentin fassara ce. Na biyu, in tauraro mai haske yana da manyan tsinkaye 6, hoton Webb ne, in 4 ne na Hubble ne. Masu cewa sun ga fuskar mutum ko hannu a ciki, ku bar su da ganinsu. Mu ma muna ganin raƙumi a gajimaren damina.

Na san wani ɗan kasuwa yanzu yana tambayar kuɗin. Wajen dala biliyan 10 Webb ya ci. Ni ma da na ji sai da na tuna rijiyoyi nawa za a haƙa da su a arewacin Dakwaro. Amma kuɗinsu ne, kuma hotunan kyauta suke sakewa, don haka kallo dai kada ya wuce mu.

Ba sai da madubinsu ba ma. Ku nemi taurarin nan uku da ke jere reras, suna fitowa bayan Kaza da Dabaran, a cikin babban jerin da Buzaye ke kira Amanar. Kudu da su kaɗan akwai wasu ƙanana a jere. Ku dubi na tsakiyar da kyau a daren da babu farin wata, za ku ga ba ya da kaifi, kamar an shafa masa toka. Ba tauraro ɗaya ba ne, gajimaren haihuwa ne, nisansa wajen shekara 1,300 na tafiyar haske, kuma ana kan aikin a cikinsa. A nan Hubble ya ga jarirai da faifan ƙura kewaye da su, irin faifan da duniyoyi ke fitowa daga ciki. Ku na ruga kun fi mu na gari morar wannan, domin fitilu sun cinye mana sama.

Saura tambayar damina, wadda ita ce ta fi shafar dukiya. Kaza tana faɗuwa yamma da magariba a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, ta ɓuya kusan kwana 40, ta sake bayyana a gabas da asuba cikin Yuni. Ba tafiya take yi ba. Duniya ce ke kewaya rana, sai rana ta shiga tsakaninmu da ita, haskenta ya rufe ta. Shi ya sa ba ta saɓa lokaci, kuma iyayenmu da suka yi ta kalanda ba su yi kuskure ba. Amma ruwa da iska yake zuwa, iskar teku mai laima da ke tasowa daga kudu maso yamma tana tura busasshiyar iskar arewa baya. Wata shekara ta zo da wuri, wata shekara ta makara, ɗumin teku ma yana da hannu a ciki. A 1973 da 1984 Kaza ta ɓuya a kan lokaci, ta fito a kan lokaci, ruwa bai wadata ba, kuma dattawan da ke saurare sun san shanu nawa suka kwanta. Saboda haka in ta fito da asuba, lokaci ya yi, wannan gaskiya ne. Amma kafin ku kaɗa garke arewa ko ku zuba iri, ku aika a duba ciyawa da tabki, ku kuma saurari hasashen damina da cibiyar Agrhymet ta Yamai da hukumar NiMet ta Najeriya ke fitarwa kowace shekara. Da sun fito za mu karanta muku su a nan, da Hausa da Fulfulde.

Baffa ya kuma tambaya ko tana nan kan bakanta. Tana nan, amma ba har abada ba. Garke irin nata sakakke ne, sauran taurari da manyan gajimare suna fizgar na gefe ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ƙiyasta nan da wajen shekara miliyan 250 za ta watse. Suna ganin ranarmu ma a cikin irin wannan gungu aka haife ta, 'yan uwanta suka bazu, har yanzu ana neman su. Jikokin jikokinku dai a inda kuka bar ta za su same ta.

Daren nan in hazo ya sassauta, ku fita da yara ku ƙirga. Ranar shiri mai zuwa ku kira ku gaya mana nawa kowa ya gani, da sunan da ake kiranta a rugarku. Ni daga bayan tashar nan biyar kawai na iya samu.