ITACE, GAWAYI, KANANZIR KO GAS: WANNE YA FI WA TALAKA SAUƘI DA HUNTURU?

Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya na reshen Gaya ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na ƙasar Gaya da Ajingi. Mun buga ta duka domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Shugaban taro, dattawa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, da sauran 'yan'uwana talakawa, ina yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga nesa, daga Kademi da Shagogo, da Toranke da Gafasa da Balare.

Maganar da na zo da ita yau maganar wuta ce. Kaka ta yi, amfani ya shigo gida, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa. Kowa ya sani a watan Disamba da Janairu dare ya kan yi sanyi ƙwarai a ƙasar Kano, ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 13, wani dare ma ƙasa da 10. A lokacin nan tsoho yana son ɗumi, yaro ba ya wanka sai da ruwan zafi, mai jego tana bukatar tukunya a kan wuta safe da yamma, mai shayi da mai ƙosai kuma ciniki ya buɗe amma makamashi ya ci ribar. To, da me za mu hura wutar nan, kuma nawa za ta ci mana?

A AUNA DA MUDU ƊAYA

Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin cewa ba a gwada farashin hatsi sai da mudu ɗaya. Amma a wajen makamashi mun bar wannan ƙa'ida. Itace da dami a ke sayar da shi, gawayi da buhu ko leda, kananzir da kwalba, gas da kilo. Saboda haka mutum ya kan ɗauki abin da kuɗinsa ya fi ƙanƙanta a hannu, yana zaton ya yi araha, alhali kuwa wani lokaci shi ne ya fi kowa sayen tsada.

Ga mudun da masana suka auna. Zafin da ke cikin kilo ɗaya na gawayi ya kusa ninki biyu na busasshen itace mai nauyin kilo ɗaya. Na kilo ɗaya na gas kuwa ya kusa ninki uku. Wannan shi ne abu na farko.

Abu na biyu shi ne, nawa ne daga cikin zafin nan ya ke shiga tukunya? Murhunmu na duwatsu uku, in an kasa zafin itacen kashi goma, kashi ɗaya ne ko ɗaya da rabi ke isa tukunya, saura iska ta kwashe. Kurfoti na gawayi ya kan kai da kashi biyu zuwa uku. Risho ya kan kai wajen huɗu. Murhun gas kuwa ya kan kai da rabi ko fiye.

In an haɗa biyun nan, ga abin da zai fito, kuma ina roƙon ku riƙe shi. A wajen girki da dafa ruwa, aikin da kilo 1 na gas zai yi, sai an ƙone kananzir wajen lita 1 da rabi, ko gawayi kilo 3 zuwa 4, ko itace wajen kilo 12 a murhun duwatsu.

Bari in ba da misali, kowa ya sa farashin kasuwarsu a madadin nawa. A ce kilon gas naira 1,200 ne. To, gawayi ba zai fi shi sauƙi ba sai kilonsa ya gaza naira 350. Itace sai kilonsa ya gaza naira 100. Kananzir sai litarsa ta gaza naira 800. Mai sikeli yana nan a kowace kasuwa. Ka ɗora damin itacen da ka saba saye sau ɗaya, ka ga nauyinsa, daga ranar ka san gaskiyar abin da ka ke biya.

Amma fa jin ɗumi dabam ne da girki. In jiki a ke so ya ɗumama, zafin da ya kuɓuce wa tukunya ba asara ba ne, shi a ke nema. A nan itace kilo 3 ko gawayi kilo 1 da rabi sun tsaya a madadin kilo 1 na gas. Watau a wajen jin ɗumi itace da gawayi sun fi araha nesa ba kusa ba. A wajen dafa ruwa ne gas ya ke iya ja da su. Wanda ya raba ayyukan nan biyu ya gane rabin laccar nan.

KOWANNE DA HALINSA

Kara shi ne na farko, tun da yake a gonarmu ya ke. Ba a sayensa da yawa, amma kowa ya san wutar kara: ta tashi fuu, ta mutu nan da nan. Sa'an nan kara yana da wasu iyayengiji, ga danga, ga jinka, ga dabbobi da rani. Kashin shanu kuma a bar wa gona, domin takin da ka ƙone da hunturu shi za ka saya da kuɗi da damina.

Itace ba duka ɗaya ba ne. Marke da ƙirya da aduwa suna da nauyi, suna daɗewa, suna barin garwashi. Sabara da kalgo na saurin kamawa, amma ba su jimawa. Babban abin dubawa shi ne bushewa. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya saye shi ya sayi ruwa da kuɗin itace, kuma wutar sai ta gama ƙafar da ruwan nan kafin ta waiwayi tukunya. Ga hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da ɗumama gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa, domin su ke zaune a gindin murhu. Tarin da yaro ya ke kwana yi da sanyi ba ƙurar hunturu kaɗai ba ce.

Gawayi kuwa, mu mutanen Gaya ba baƙinsa ba ne. Labarin da aka gada ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda a ke kira Abagayawa, suka tafi dutsen Dala neman tama, har garin Kano ya kafu. Maƙeri kuwa ba ya aiki sai da gawayi, na ƙirya ya fi so. Amma kakanninmu don ƙira su ke ƙona shi, ba don kowane gida ya yi tuwo da shi ba. A ramin da a ke binne itace a yi gawayi, sai an ci itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo 1. Saboda haka buhun gawayi guda da ka gani a bakin hanya, itace ninki biyar na nauyinsa ne ko fiye ya tafi. Yana da tsabta, ba shi da hayaƙi sosai, yana da sauƙin ɗauka, amma daji ne ke biyan bashinsa.

Kananzir a dā shi ne abokin talaka. Akwai lokacin da farashin gwamnati ya ke naira 50 kowace lita, ko da ya ke ba kowa ke samunsa a haka ba. A farkon 2016 aka janye tallafinsa, a 2023 kuma lita ta wuce naira 1,000. Dattawa sun tuna wahalarsa a zamanin mulkin soja na shekarun 1990, sa'ad da mutane suka koma murhun dusar katako har suka sa masa suna Abacha. Yau risho ya zama kayan ajiya a gidaje da yawa. Wanda dole ta sa ya saya, ya yi hattara da wanda aka gauraya da fetur, domin shi ne ke fashewa a fitila da risho.

Gas yana da sauri, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Wahalarsa biyu ce. Ta farko kuɗin shiga, watau sayen tukunyar gas da kan murhu a tashi ɗaya. Ta biyu farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, a 2024 kilo ya haura naira 1,000. Mutumin ƙauye kuma sai ya ƙara da kuɗin babur zuwa gari don a cika masa. In ka saya, kada ka ajiye tukunyar a ɗakin kwana, kada ka kunna ashana in ka ji wari, ka riƙa duba tiyo da ruwan sabulu.

Lantarki kuwa, kowa ya san ba a dogara da shi a ce da shi za a yi ɗumi. Abu ɗaya zan ce a kai: hitar dafa ruwa da aka bari a jone sa'ad da wuta ta ɗauke, in wutar ta dawo ba kowa a ɗaki, gobara ce.

KASKON WUTA A ƊAKI

Jama'a, in kun manta duk abin da na faɗa, kada ku manta wannan. Garwashin gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutum ya shigar da kasko ɗaki, ya rufe ƙofa, ya toshe taga da tsumma, ya kwanta. Iskar nan sai ta shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Da safe a ce aljanu ne, ko a ce an sa wa abinci guba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A hura a waje. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe. A fid da kaskon kafin a kwanta. In an tarar da mutum ya galabaita, a buɗe ko'ina, a fito da shi iska, a kai shi asibiti nan da nan, ko da ya farfaɗo. Bargo ɗaya mai kauri da za ka saya bana zai yi maka shekaru, ba ya cin itace, ba ya kashe kowa.

'Yan kasuwa, ku ma da naku. Da hunturu komai ya bushe, ga iska. Kun tuna gobarar kasuwar Singa a Fabrairu 2016, da ta kasuwar Sabon Gari a watan Maris na shekarar, wadda ta cinye shaguna dubbai a Kano. Rumfunanmu na kara da zana ba su kai waɗancan ƙarfi ba. Mai tsire, mai waina, mai shayi, da mai gadi da ke jin ɗumi da dare, kowa ya kashe wutarsa da ruwa ko ƙasa kafin ya tashi.

ABIN DA ZA MU YI

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, duk abin da a ke ɗaukowa daga nesa kuwa ya bi shi, har itace da gawayi. Mai kuɗi ya kan sayi mota guda ya jibge. Talaka ya sayi na ɗari biyu yau, na ɗari biyu gobe, a ƙarshen wata shi ya fi biya. Ga shawarata guda huɗu.

Na farko, a saya da wuri, kuma a saya tare. Gida biyar ko rumfa goma su haɗa kuɗi kamar adashi, su sayi amalanke ko mota tun sanyi bai kankama ba, su raba, su faskara, su jera a rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a gyara murhu. A kewaye duwatsun da laka a bar ƙofa ɗaya, a kare shi daga iska, a rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake kafin a ɗora. Wannan ba ya cin kwabo, itacen da zai rage kuwa ba kaɗan ba ne. Maginan tukwane da maƙeranmu suna iya yin murhu mai tattalin itace in mun nema.

Na uku, a bar itace ya tsiro a gona. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi sun ga daji ya ƙare musu, sai tun daga wajen 1983 suka kama abin da su ke kira sassaben zamani: in kututture ya yi toho, manomi ba ya sare shi duka, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse saura ya kai gida. Da haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Darbejiya, wadda aka fara shukawa a Barno a 1928, tana jure sassabe ta sake tohowa. Mai itace a gonarsa ba ya tsoron farashin kasuwa.

Na huɗu, mu nemi haƙƙinmu. Tun 2015 akwai hukumar tarayya ta shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Mu tambayi kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi: dashe nawa ya zo mazaɓarmu, ina aka shuka, wa ke ba shi ruwa? Hana sarar daji daidai ne, amma wanda ya hana talaka itace, wajibi ne ya nuna masa abin da zai dafa tuwo da shi. Tambaya ba rashin kunya ba ce, da harajinmu a ke aikin.

Sakatarorin mazaɓu su rubuta sunayen waɗanda ke son shiga sayen haɗin gwiwa kafin taro mai zuwa, mata kuma su zaɓi nasu wakilai, tun da su suka fi mu sanin abin da murhu ke ci.

Allah ya kai mu bazara lafiya, ya tsare mu daga gobara, ya ba talaka sauƙi.