Ɗan Bello da takardun da ba mu nema ba a Arlit

 

Kwanakin baya ina zaune a wata fada a Akokan, ana shan shayi, sai gardama ta kaure a kan Ɗan Bello. Kun san shi, Bello Galadanci, wanda yake zaune a ƙasar Sin yana yin bidiyon barkwanci a kan 'yan siyasar Najeriya. Wani ya ce jarumi ne, wani ya ce ɗan kwangila ne, biyansa ake yi ya zagi mutane.

Ga abin da na lura. Lokacin da yake caccakar mutanen Ganduje, 'yan Kwankwasiyya tafi suke masa. A watan Agusta na 2024, da ya tono batun kwangilar sayen magani ta ƙananan hukumomi 44 na Kano, zargin ya taɓo wani ɗan uwan Kwankwaso, sai masu tafin suka koma zagi. Amma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin bincike. Da ya taɓo shugaban Izala, Sheikh Bala Lau, wanda ya musanta zargin, sai wasu suka ce ya ci mutuncin malamai. Kowa na son a mari ɗan wani, ban da nasa.

Ni ba na cewa duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Zargi ba hukunci ba ne, kuma wani lokaci barkwancinsa yakan zarce gona da iri. Amma ku duba yadda yake aiki: yakan ɗaga takarda, ya karanta sunan kamfani da adadin kuɗi. Wanda bai yarda ba, sai ya kawo tasa.

To mu fa? Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar mana tarin sharar yuraniyom kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr mallakin ƙasa. Tun 2006 doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai a mayar wa gundumomin jahar da aka haƙo su. Wa a cikinmu ya taɓa zuwa ma'aikatar magajin gari ya tambayi nawa ya shigo, me aka yi da shi? Wallahi ni kaina ban taɓa ba.

Na san akwai tsoro. A watan Yuni na 2024 an dawo da hukuncin ɗauri ga wanda aka samu da ɓata suna a intanet. Shi Ɗan Bello yana nesa, mu kuwa a nan muke kwana. Shi ya sa ba mu da damar yin shaci-faɗi. Almoustapha Alhacen da ƙungiyar Aghirin'man ba da zagi suka sa duniya ta saurare su ba. Masana na CRIIRAD suka gayyato a 2003, aka auna ruwa da ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa.

Roƙona guda ne: kafin ka tura bidiyo, nasa ko na wani, ka tambayi ina takardar. In ta fito ta taɓa naka, ka daure ka karanta har ƙarshe.

 Allah ya ba mu zaman lafiya.