Kwabon Talaka da Kwantenar Riguna

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanmu ya gabatar a taron tunawa da kafuwar ƙungiya, a Titin Guangyuan na Yamma, birnin Guangzhou



Shugaban taro, iyayenmu 'yan kasuwa da suka rufe harkokinsu suka zo, shugabannin ƙungiya na da da na yanzu, ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi mana barka da wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanmu. An ce in yi magana a kan kuɗin yaƙin neman zaɓe da tallar ɗan takara, wai don wasu daga cikinku sun fara samun kira daga gida a kan wannan harka. 'Yan'uwanmu na Nijar ku yi mini haƙuri, misalaina duk na Nijeriya ne, amma na san za ku ga naku a ciki.

Wannan titin da muke zaune a kai yana da hannu a siyasar ƙasarmu fiye da yadda mutanen gida suka sani. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Sanyuanli ya shiga kasuwar Canaan ko ta Tangqi idan zaɓe ya gabato, ya ga abin da nake nufi. Samfurin riga ne a rataye da fuskar ɗan takara, ga hula hana-sallah, ga lema, ga tuta, ga atamfa mai tambarin jam'iyya. Mai shagon bai san wane ne a jikin rigar ba, bai kuma damu ba. Shi dai a faɗa masa guda nawa, wane launi, yaushe za a ɗauka. Yau ya buga wa wannan jam'iyya, gobe ya buga wa abokiyar hamayyarta, a inji ɗaya, a masana'anta ɗaya can wajen Foshan ko Dongguan. Daga nan sai sito, sai kwantena, sai Apapa, sai tirela ta ɗauka zuwa Kano. Ranar gangami kuma a tsaya a kan mota ana jefa wa jama'a suna wawa.

To, tambayar da nake so mu riƙe ita ce: wa ya biya kuɗin rigar nan? Don wanda ya saka ta dai ba shi ya biya ba.

Da can ba haka abin yake ba, aƙalla a gida ɗaya na siyasar Arewa. Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru, daga baya ya ajiye aiki ya dawo, ya zama shugabanta a 1953. Jam'iyyar nan ba ta da baitulmali, ba ta da En'e, ba ta da alƙali ko ɗan doka. Duk waɗannan suna wancan ɓangare. Abin da take da shi teloli ne da 'yan koli da mahauta da marina da gardawa da ƙananan 'yan kasuwa. Mutum zai sayi katin jam'iyya da kuɗinsa, ya riƙa biyan kuɗin ƙungiya, in an kama ɗan'uwa a yi karo-karo a biya tara, a kai wa iyalinsa tsaba. Kuma ana kamawa ɗin, ba wasa ba. Ku tambayi tarihin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, sau nawa ta shiga gidan yari.

Tallarsu kuwa baki ne da ƙafa. A tsaya a bakin kasuwa a yi lacca. A rubuta waƙa, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, a haddace ta a ɗauke ta daga gari zuwa gari a ka. Waƙa ba ta biyan kuɗin mota, kuma dogari ba ya iya yage ta daga bango. Ga alamar tauraro, wadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Ga jaridar Comet da ake bugawa a Kano, mai karatu ɗaya ya karanta wa mutum goma.

Kada in yi muku zuƙi-ta-malle, kwabon talaka shi kaɗai bai riƙe NEPU ba. Ta ƙulla ƙawance da NCNC ta su Azikiwe, tana samun tallafi daga can, kuma abokan hamayya sun yi ta yi mata gori da shi. Amma ginshiƙin dai a ƙasa yake. Tela da ya biya kuɗin kati yana jin jam'iyyar tasa ce, yana iya miƙewa a taro ya yi wa shugaba tambaya mai zafi ba tare da ya sunkuyar da kai ba, saboda bai ci ko sisin kowa ba. Wannan ruhin ne ya dawo da PRP mai alamar makulli, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama gwamnoni. Malam ya rasu a Afrilun 1983, kuma duk wanda ya je Gwammaja ya shiga Mambayya ya ga ɗakin da ya zauna, ya san ba a tara dukiya da wannan siyasa ba.

Mu zo zamanin da yawancinku kuka gani da idonku, ko da kuna yara. A Oktoban 2014 Janar Buhari ya sayi fom ɗin takara a APC kan naira miliyan 27.5, ya ce bashi ya ciwo daga banki. Aka buɗe asusu, aka buga kati irin na waya da ake kankarewa, aka fito da lambar da mutum zai aika saƙo a cire masa naira ɗari. Hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka rufe lambar a farkon 2015, jam'iyyar ta je kotu a Legas ta yi nasara. Mutane sun bayar da gaske. 'Yan acaɓa sun bayar, masu shayi sun bayar, wata dattijuwa daga Koko a Jihar Kebbi ta miƙa naira miliyan ɗaya da hannunta. A ɗaya ɓangaren, a dare guda cikin Disambar 2014, an yi liyafa a Abuja aka yi wa takarar Shugaba Jonathan alkawarin sama da naira biliyan 21, alhali dokar lokacin ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da biliyan ɗaya.

Kowa ya san wanda ya ci. Amma ni a ganina, kati bai ci zaɓen nan da kuɗinsa ba. Jiragen da aka yi haya da wakilan da aka zuba a rumfuna ba da naira ɗari-ɗari aka biya su ba, gwamnoni da manyan masu hali suna nan a wannan ɓangaren ma. Abin da katin ya yi shi ne ya mayar da mai kallo mai hannun jari. Wanda ya sa ɗari ɗinsa shi ne ya kwana a rumfa yana gadin ƙuri'a, shi ne ya yi wa maƙwabcinsa wa'azi kyauta. Wato gudummawar ita kanta talla ce, kuma ta fi kowace fosta kama zuciya.

Inda aka rabu da NEPU shi ne bayan zaɓe. Katin NEPU katin zama ɗan jam'iyya ne, akwai reshe, akwai taro, akwai inda za ka je ka tambaya. Katin 2015 ka kankare ka yar, shi ke nan. Ba ya ba ka kujera a ko'ina. Da aka zo rabon muƙamai, mai katin ɗari yana gida yana jin sunaye a rediyo kamar kowa. Ko a 2020 ma da Rarara ya ce masoya su turo naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa, an tura, an kuma yi ta cece-kuce a kai. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne har yanzu mutanenmu suna da hannun bayarwa in suna son abu. Jar hular Kwankwasiyya ma haka ne, da yawa da kuɗinsu suke saya, kuma ba a taɓa yin allon talla mai yawo da ya kai ta ba.

Sauran tallar kuwa kun san ta. Fosta a jikin gada, a manna ta dare, kafin asuba yaran wani sun manne ta da tasu. Hoto a bayan A Daidaita Sahu. Sojojin baka a gidajen rediyo, a biya musu fili su yabi uban gida su yi wa abokin hamayya shaguɓe. Sai kuma taliya da sabulu da atamfa ranar zaɓe. Kuɗin duk daga sama yake gangarowa, kuma mai zuba shi ba sadaka yake yi ba, yana da littafi. A 2022 fom ɗin shugaban ƙasa a APC ya kai naira miliyan 100, na PDP miliyan 40. Wanda ya fara da wannan, da me kuke zaton zai ƙare? Abin da ya fi ba ni takaici, ɗan takara ya hau mumbari a Kaduna, garin da masaƙa irin UNTL ta rufe a 2007, ya yi alkawarin farfaɗo da masaƙu, alhali atamfar da matan da ke yi masa guɗa suka ɗaura daga nan aka loda ta.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku kai tsaye, kuma don wannan ne na yarda na tsaya a nan.

Za a kira ka daga gida, watakila yayanka ne, watakila abokin babanka. Za a ce Honarabul yana son riga dubu ashirin da hula, kai ne kake jin Sinanci, ka taimaka, akwai la'adarka. Ka sani, bizar da ke fasfo ɗinka ta karatu ce. Dokar shige da fice ta ƙasar nan ta sa tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da ya yi aiki ba izini, in abin ya yi tsanani har da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, kuma makaranta ba za ta tsaya maka ba. Sannan ga ita hajar kanta. Takalmi in ya yi kwantai a sayar da shi baɗi. Rigar ɗan takara kuwa ranar zaɓe take mutuwa, wani lokaci ma tun ranar fid da gwani, in an kayar da shi ko ya sauya sheƙa. Masana'anta kan karɓi kafin alƙalami kashi talatin, ciko kafin kaya su fita. In mutumin gida ya daina ɗaga waya, Basine bai san Honarabul ba, kai ya sani, lambarka ce a WeChat ɗinsa, kwafin fasfo ɗinka ne a aljihun teburinsa. Na san wani ƙaninmu da ya shekara yana biyan bashin huluna masu sunan mutumin da ko takarar bai samu ba. Hulunan suna sito, ko kyauta ba mai karɓa.

Ku lura da lokaci kuma. Zaɓenmu yakan faɗo a Fabrairu, daidai da hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu. A 2023 sabuwar shekara ta kama 22 ga Janairu, zaɓe 25 ga Fabrairu. Jirgin ruwa yana cin fiye da wata kafin ya isa Legas, ban da zaman tashar. Wanda ya kira ka a Disamba yana son kaya ta ruwa, rigima yake aiko maka. In lallai sai an yi, haɗa su da iyayenmu 'yan kasuwa masu takardar harka, ga su nan zaune, kai ka koma aji.

Sai batun tara kuɗi. Na ga an fara buɗe zaure a WhatsApp, wai ɗaliban waje masu goyon bayan wane, ana cewa kowa ya kawo abin da ya samu. Sashe na 225 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga wajen Nijeriya. In an aiko, ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. A 2022, da magoya bayan Peter Obi da ke waje suka tashi tara masa gudummawa, lauyoyi sun yi ta jayayya ko hanin ya tsaya ga jam'iyya ne ko ya haɗa da ɗan takara da ƙungiyoyin magoya baya. Ku ɗalibai ne, kada ku zama zakaran gwajin dafi. Kuma ku tuna inda muke zaune. Ƙasar nan ba ta wasa da taron siyasa, ko da siyasar wata ƙasa ce, kuma abin da ka rubuta a WeChat ba kai kaɗai kake karanta shi ba.

Ban ce ku nade hannu ba. Ko ƙuri'a ba mu da ita daga nan, amma hutu yana zuwa, za ku koma unguwanninku. Can ne gudummawarku take da daraja, kuma ni shawarata ku fara daga ƙasa, kansila da ɗan majalisar jiha, mutumin da kuka san gidan ubansa. A wannan matakin dubu biyar-biyar ta mutum ɗari biyu tana buga fosta a maɗaba'ar garinku, ta biya telan unguwa ya ɗinka tuta, ta sayi fili a rediyo, kuɗin ya zauna a gida. Amma da sharaɗi. A rubuta sunan duk wanda ya bayar da abin da ya bayar. A samu ma'aji daban da ɗan takara, kuma ba ƙaninsa ba. A karanta lissafi a bainar jama'a, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin gam ɗin manna fosta. Sannan a sa ranar da zai dawo ya zauna a gaban waɗanda suka biya, wata shida bayan rantsuwa, ya amsa tambaya. In ya ƙi wannan sharaɗi tun yana roƙo, kun huta, ku mayar da kuɗinku aljihu.

Ita ma ƙungiyarmu muna da zaɓe a gaba, kuma na ji an ce wani ɗan takara ya yi alkawarin kai kowa cin tuwo a Xiaobei. Ku ci, Allah ya sa albarka, amma a tambaye shi wa ya biya. Shugaba, ina roƙon a ba ma'aji minti biyar kafin a kawo abinci ya karanta mana abin da ke cikin asusu, tunda yau kowa yana nan.