Firiza da Sabis: Ribar Gidan Abinci a Yau



An nemi in yi magana kan kayan girki na zamani da intanet, da yadda suke taɓa ribar gidan abinci. Matsayata ɗaya ce: na'urar da ba za ta yi aiki kullum ba asara ce, ko daga Dubai aka yo odarta.

Mu fara da firiza, domin ita ce uwar ɗakin madafa. Ita ke ba mai gidan abinci damar sayen nama da kaji ranar da kasuwa ta yi sauƙi. Ita ke sa ya ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan lokacin da kayan rani suka cika kasuwa, ya markaɗa, ya ajiye na watanni. Ribar miyar da zai sayar da damina tun a nan ya same ta. Amma duk wannan lissafi a kan wuta yake tsaye. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, ga kuma na Shiroro zuwa Kaduna da ɓarayi suka riga suka lalata. Duk wanda ke da firiza ya san abin da ya biyo baya: ƙanƙara ta narke, ruwan jini ya taru a ƙasa, ana ɗaga murfi wari ya buge ka. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abokin cin riba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da dama cikin 2024.

Murhun gas, injin markaɗe da tukunyar shinkafa ta lantarki duk suna rage wahala da hayaƙi, ba ni da ja. Ba su ne ke rufe shago ba, shi ya sa zan wuce su.

Sai sabis. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya yi abin da shekaru na wa'azin Babban Banki suka kasa. Mai tuwo-tuwo da ba ta taɓa shiga banki ba ta sa aka rubuta mata lambar asusu a jikin bango. Yau OPay da Moniepoint sun kai har teburin mai shayi. To ku dubi ƙarfe biyu na rana: mutum ya ci ya wanke hannu, yana nuna wayarsa, "Hajiya, wallahi an cire." Ita kuma alat bai shigo ba. Ta sake shi, wataƙila alat ɗin bogi ne. Ta riƙe shi, ta ci mutuncin mai gaskiya, kuma ba zai dawo ba. Bayansa mutum shida suna jira, shinkafa tana hucewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Mutanen Zamfara ma ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya saboda tsaro.

Shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce ya bi tsari. Sola da batirin da za su riƙe firiza da cajin POS su zo kafin talabijin da kujerun alfarma. Ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, da POS biyu idan da hali, da littafin rubuta cinikin da ya maƙale. Kada kuma ya jingina kasuwarsa kacokan ga manhajojin kai abinci gida. Jumia Food da Bolt Food duk sun tattara kayansu daga Najeriya a Disambar 2023, suka bar masu dogaro da su. Lambobin abokan cinikinka da ke WhatsApp ɗinka, waɗannan naka ne.

Ina kira ga ƙungiyoyin masu sana'ar abinci: abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, goma za su iya. Ku haɗa kuɗi ku kafa ɗakin sanyi mai aiki da sola a kowace unguwa, kowa ya biya gwargwadon kayan da ya ajiye.