Gishirin da muke lodi: jawabin ofishin magatakarda a taron cikar shekara

 

An ce mu ɗauki kaya ɗaya daga littafin ƙungiya mu yi magana a kansa. Mun ɗauki gishiri, domin da wuya motarmu ta tashi zuwa Gallabat ko Kurmuk babu buhunsa a ciki.

Kakanninmu da suka baro Burmi bayan yaƙin 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin wannan kogi, sun san gishiri iri-iri: kantun Bilma da Buzaye ke kawowa Kano a kan raƙuma, mangul na ƙasar Manga, da gishirin Foga. A nan suka tarar da na Bahar Maliya. A Bur Sudan ana tare ruwan teku ne a filaye marasa zurfi, rana ta shanye shi, kowace lita ta bar kimanin giram 40. Shi masuntanmu na Sinnar ke barbaɗa wa kifi, shi masu ƙirgi ke shafa wa fata, don yana zuƙe ruwan da ƙwayoyin ruɓa ke rayuwa da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gishirin teku ba shi da isasshen aidin sai an zuba masa. Rashin aidin ke kawo maƙoƙo, wanda kowa a nan ya taɓa gani a wuyan wata baiwar Allah. Abin da ido ba ya gani ya fi muni: mai ciki in ta rasa shi, ƙwaƙwalwar ɗanta ba ta cika yadda ya kamata. Habasha ta wajabta gishiri mai aidin tun 2011. A daminar bara an dawo da lodin wani ɗan'uwanmu daga kan iyaka, kuɗin mota da na 'yan dako duk suka bi ruwa. Ba mu ga laifin masu dubawa ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wasunmu na sayen gishirin dabbobi don araharsa, su niƙa, su auna wa matan aure a matsayin na miya. Wasu kuma sun sayi mai kyau, amma sun jibge buhuna a buɗe, rana ta duka, laima ta shiga, aidin ɗin ya ragu kafin a kai kasuwa. Buhu yana son inuwa, da katako a ƙarƙashinsa, da baki a ɗaure.

Ofis ya tanadi kwalbar gwaji. Ɗigo ɗaya ake sawa. In gishirin ya koma shuɗi, akwai aidin. Duk mai lodi ya kawo cikin cokali daga buhunsa kafin mota ta tashi, ba ma karɓar ko sisi.