Titi ko Zaure: Saɓanin Mata Kan Yaƙi da Fyaɗe



A watan Fabrairun 2019 'yan matan Arewa suka fara faɗin cin zarafin da aka yi musu a Twitter, ƙarƙashin taken ArewaMeToo da Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro. Watan bai ƙare ba sai da 'yan sanda suka kama Maryam Awaisu, ɗaya daga cikin masu fafutukar, a Kaduna. A Nuwamba aka fito kan titi a jihohi da dama, ana neman majalisun jihohi su karɓi VAPP, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, a Sakkwato kuwa 'yan sanda suka tare hanya. A nan Maiduguri, Hassana Maina na cikin waɗanda suka ja gaba.

Wannan fitowa ta raba kan mata masu fafutuka su kansu. Akwai iyayenmu da suka shekara suna bin zauren hakimai da majalisin malamai. A ganinsu ɗaga kwali ba ya haifar da komai sai a ce aikin Turawa ne, a rufe ƙofofin da aka sha wuya kafin a buɗe. Matasa kuma suka ce an daɗe ana lallashi, har yau tambayar farko da ake yi wa yarinya ita ce, me ya kai ki, wane kaya kika sa? Ba mu kaɗai ba ne. A Toronto ta Kanada, 2011, wani ɗan sanda ya ɗora laifin fyaɗe kan suturar mata, aka yi tattaki, sai matan baƙar fata na Amurka suka rubuta cewa salon tattakin bai dace da tarihinsu ba.

Ni ina tare da masu fitowa, kuma dalilina a garin nan yake. A Oktoban 2016 Human Rights Watch ta kawo bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda masu gadinsu da jami'ai suka yi wa fyaɗe ko suka yaudara. Macen da ta gudo daga Bama da lulluɓinta, tana layin abinci, wace sutura za a zarga? "A rufa asiri" da muke cewa, asirin mai laifi yake rufewa, ita kuwa a bar ta da ciki da gori.

Amma iyayenmu suna da gaskiya a abu ɗaya, kuma mai nauyi ne. Mai waya da digiri tana komawa gida bayan tattaki. Wadda ke sansani tana komawa hannun wanda ta kai ƙara. Duk da haka matan Knifar, 'yan gudun hijirar da aka tsare mazajensu a barikin Giwa, sun haɗa kai tun 2017 da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin, suka kai kokensu gaban hukuma. Su ya kamata a fara tambaya kafin a rubuta ko da kwali ɗaya da sunansu.

Gwamna Zulum na Borno ya sa hannu kan dokar VAPP a Janairun 2022. An rufe sansanoni irin su Bakassi, matan sun watsu ƙananan hukumomi. Ina roƙon ɗaliban shari'a da ke nan su bi kotunan Borno, su ƙirga mana shari'o'in fyaɗe nawa suka kai ga hukunci tun daga lokacin.