Kafin Jirgin Gida Ya Tashi

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa helikwafta a bayan gidansu, da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Ya ɗaga kuwa, amma bai wuce ƙafa bakwai ba.

To, matashin Dogon Daji ko Kebbe mai irin wannan buri, mai walda da ido ɗaya a sama, ya sani ba taurin kai ke riƙe jirgi ba. Injin mota nauyi gare shi, kuma in ya mutu a sama babu gefen titin da za a raɓa. Ga hazon hunturu da kan hana manyan jirage ma sauka a Sakkwato.

Sai doka. Jirgi ba ya tashi sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta yi masa rajista, ta duba lafiyarsa, matuƙi kuma da lasisi. Ko maras matuƙi, tun 2016 sai da izini. Dokar ba laifi, rashin jagora ne matsalar.

Kwalejin jiragen sama tana Zariya tun 1964. Gwamnatin jihar Sakkwato, shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a ɗauki nauyin yaran nan su je can.